Tiya Mai Lotsattsen Gindi

Daren jiya a filin firamaren Rafindaɗi
aka rataya lasifika a jikin darbejiya,
aka ba 'yan takarar kansila minti biyar-biyar.
Na zo da tabarmata da ɓarin goro.

Mannir ya miƙe ya ce,
"Rijiyar burtsatse tara na haƙa."
Na ƙirga da yatsu cikin aljihu. Tara ce.
Bai faɗi guda nawa ke kawo ruwa ba,
ba kuma wanda ya tambaya.
Ta bakin layinmu, akuya ta haihu a gindinta,
'ya'yan har sun yi ƙaho
famfon bai ko yi tari ba.

Sahalu ya karɓi magana:
"Ku shaida, jama'a, ban ce ya ci kuɗin ba.
Na dai ga sabon gida a Ƙofar Ƙaura, na ga fenti."
Ya yi shiru, ya bari muka ƙarasa masa.
Gidan na surukin Mannir ne, mai lodin albasa zuwa kudu.
Sahalu ya sani. Tare suka ci tuwon tarewa.

Malam Abashe, tsohon malamin lissafi,
shi ne alƙali. Ya duba takarda, ya gyara tabarau,
ya ce ba wanda ya yi ƙarya.
Aka tafa.

Shekara talatin ina awon gero a 'Yar Kutungu.
Na san tiyar da aka lotsa wa gindi da guduma.
A cika ta, a yi mata tozo har hatsi na zuba,
mai saye na tsaye, idonsa biyu,
sai ya je gida tukunya ta ba shi labari.
Mai awon zai rantse ya cika,
kuma ya cika.

A hanya ɗana Ɗayyabu ya ce,
"Baba, ƙarya sai wadda baki ya furta."
Uwarsa Tsahare, da muka iso, ta ce
ita ba ta auna magana a bakin mai ita,
sai ta ga abin da ta bari a kunnen mai ji.

Ban tanka ba.
Shekarar da gero ya yi tsada
ni ma na riƙe irin tiyar nan, wata huɗu.
Ban taɓa cewa komai ba.
Murmushi kawai nake yi, ina ƙara tozo.

Da asuba na ji ƙarar kurar mai ruwa
ta wuce ta gaban burtsatsen,
jarka goma, ɗari biyu-biyu.