Saɓar Shuɗiya

Gwangwani goma sha ɗaya na saya a Esquel,
baƙar roba ta feshi, wadda ake ɓarewa.
Mai shagon, tsoho Eleuterio, ya ce:
"Nélida, shafi biyar, ban da rowa.
Mai kauri ita ke sakin mota salin-alin,
siririya kuwa sai farcenki ya yi kuka."
Na ji, amma da kunne ɗaya.

Motar babana ce, Shuɗiya,
mai ja da ƙafa huɗu, ta girme ni da shekara biyu.
Ya bar mini ita da tumaki ɗari uku
da bashin da ba a faɗa gaban baƙo.
Na rantse fentin da yake gogewa kowace Lahadi
ba a hannuna zai mutu ba.

A rumfar askin tumaki na yi aikin,
na toshe ƙofa da buhunan ulu,
don iskar Patagoniya ba ta san sallama ba.
Bonet ya sha biyar. Ƙofofi huɗu-huɗu.
Kafin in kai baya gwangwani ya fara tari,
yatsana ya sage,
na ba shi biyu, na ce ya yi haƙuri.

Sai hanya ta karɓi aikinta.
Tsakuwa ta yi ta jifa tun daga Tecka,
robar ta shanye, ko uffan.
Ƙayar kalafate ta ja layi a haƙarƙari,
na shafa da yawu, rabin layin ya ɓace.
Mun ratsa rafi ruwa har ƙugu,
mun kwana cikin ƙanƙara sau tara.
Duk wannan ba ta ce komai ba.

Abin da ya ci ta ƙarami ne:
ɗigon fetur a bakin tanki,
ya narkar da ita kamar ƙaro a rana.
Sai yaron gidan mai da tiyonsa mai ƙarfi
ya ɗaga mata leɓe a gindin madubi,
ƙura ta samu ƙofa, ta shiga da kayanta.
Rana kuma, a hankali, ba faɗa,
ta mai da baƙi ruwan toka.

Wata goma sha huɗu.
Ranar ɓarewa Amancay, 'yar ƙanena, ta kama gefe ɗaya,
muka ja tare.
Bonet ya tuɓe rigarsa gaba ɗaya, saɓar maciji,
yarinyar ta yafa, tana zagaya garke, karnuka na haushi.
Baya kuwa, inda na yi rowa,
kwana uku ina tsince shi ƙwaya-ƙwaya
kamar mai cire ƙaya daga ulu.
Tsohon bai yi ƙarya ba.

Ga Shuɗiya, fes, kamar ranar jana'iza.
Ga lotsawar da rago ya yi mata ina 'yar shekara shida.
Ga ƙujewar ƙyauren gona,
daren da mahaifiyata ke naƙudar ƙanena,
babana bai tsaya buɗe shi duka ba.
Jikinta duk labarinsa ne.

Na nemi nawa.
Taɓo ya wanke, tabo babu.
Rafin, ƙanƙarar, daren da na ɗauko tinkiya a kafaɗa,
duk sun tafi cikin buhun shara tare da robar.
Sai a bakin tanki kawai, inda kariya ta gaza,
wani ɗan zane, tsawon ɗan yatsa.
Na daɗe da hannu a kansa.

Da na koma Esquel ya ce, "Goma sha ɗaya?"
Na ce huɗu.
Na ƙasa ne, inda tsakuwa ke cizo, tsatsa na biye da ita,
kuma wannan karon shafi shida.
Sauran jikin a bar shi haka,
hanya ta fara koyon sunana.