Ɗinkin Tsakiyar Lagdo

Mu bakwai muka bar gaɓar Lagdo
bayan la'asar, kasuwar kifi na watsewa,
a jirgin Tanimu mai shuɗin fenti
wanda aka rubuta wa a haƙarƙari:
Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Ni tela ne daga Garwa.
Ban san ruwa ba sai na buta.
Yadi ashirin na farar shadda ke jakata,
ta wani mai jirage a can tsibiri
da ya ce sai na zo na auna shi da hannuna.

Ga Inna Dudu mai banda da gishirinta,
ga Hamajoda rungume da tunkiya,
ga samarin Musgum biyu, dogaye kamar giginya,
sun tasa komarsu a gaba ba sa magana.
Ɗanliti na kwarfar ruwa da rabin jarka.

Zuwa-zuwan da aka ɗura mana a kwalba
ashe an surka shi.
Inji ya yi tari sau uku,
ya yi shiru irin na wanda ake bi bashi.
Tanimu ya ja igiya har gumi ya jiƙe masa hula.

Ba gari, ba hayaƙi.
Sai busassun itatuwa tsaye cikin ruwa
tun shekarar da aka datse kogi.
Hamajoda ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.
Ya ce, nan ƙasa kakana ya yi kiwo,
akwai tsamiya, akwai rijiya.
Ba wanda ya tanka.

Sai iska ta gangaro daga duwatsu.
Inna Dudu ta lashi yatsa ta ɗaga sama,
ta dube ni sheƙeƙe:
Tela, allurar taka ta sallah ce kaɗai?

Ta juye gishiri a daro,
na farke buhu huɗu, ba su isa ba.
Na dubi jakata. Jakata ta dube ni.
Samarin suka warware mini zaren koma,
na haɗa shadda da buhu, baki da baki,
ɗinkin da ko ɗan koyona ya yi
da sai na murɗe masa kunne.
Allura ta soke ni sau tara, na ƙirga.

Muka tsayar da gora, muka ɗaure.
Ta yi laƙwas.
Ta karkaɗa.
Sannan ta cika ciki kamar mai juna biyu,
katako ya yi ƙara a ƙarƙashinmu,
jirgi ya motsa!
Ɗanliti ya yi ihu har tunkiya ta tsorata.

Muka bi gefen gaɓa, ba mu nisa da ita.
Gwaggon birai a kan fā suna kallonmu,
belbelu sun rufe wata bishiya kamar shanya.
Wajen magariba dorina ta huro hanci
kusa, har muka ji warin bakinta.
Tanimu ya kwantar da filafili a hankali,
leɓɓansa na motsi,
muka wuce ba mai numfashi.

Dare ya yi. Aka jiƙa garin rogo da ƙuli,
Inna Dudu ta ɓare bandar karfasa bakwai,
kwano ɗaya, hannuwa sun haɗu a duhu
ba ka san na wa ka taɓa ba.
Ƙaramin samarin ya ɗauko waƙa da harshensu.
Ba mu ji ba, muka amsa.

Da asuba muka hangi wutar masunta.

Mai shadda na tsaye a bakin ruwa.
Ya dubi kayan sallarsa a saman gora,
gishiri ya zana musu taswira,
kashin tsuntsu a kafaɗa.
Bai yi dariya ba.
Wata biyar ina biya.

Yanzu ina shagona bayan tasha,
ina kafa aljihu, ina rage wuya.
In iska ta ɗaga labulen ƙofa
ƙafata kan tsaya a kan keke,
sai yaro ya ce, Maigida, zare ya ƙare ne?