Haƙoran Tozali

Ni da haƙora bakwai suka rage wa a baki,
ni aka bar wa zomon da nasa ba sa daina tsiro.
Siyama za ta makarantar kwana a Soba,
ta ce, "Kaka, Tozali amana ne."
Ta shafa masa kunne har sau uku,
ni ko hannu ba ta ɗaga mini ba.

Na yi masa gata irin na rashin sani:
dusa da ruwan ɗumi, cikin burodi, nunanniyar ayaba.
Abin da dasashina ke iyawa
shi na zaci kowa ke so.
Mako shida, sai ga haɓarsa a jiƙe,
yana duban kwano kamar wanda ake bi bashi.

Likita Shekari ya ɗaga leɓen da ɗan yatsa,
na gaba biyu sun lanƙwashe kamar lauje.
Ya rage musu tsawo, ya wanke hannu, ya ce,
"Baba, bakin zomo dutsen niƙa ne.
In ka hana shi abu mai tauri,
kansa zai niƙa."

Ran Talata na sauka kasuwar Kawo,
can baya, inda tumaki suka fi mutane surutu.
Jatau mai harawa ya kwance mini dami:
"Ta gyaɗa ce, Alhaji, shaƙa ka ji."
Na shaƙa. Sai da na tuna gonar ubana.
Amma likita ya ce wannan ta ranar salla ce,
ƙiba take sawa, ba ta cin haƙori.
Ta wake ma ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya,
tafi guda a mako ya isa.

Na ce, "Ingirici nake nema."
Ya dube ni, ya dubi hulata:
"Rago nawa gare ka?"
Na ce, "Zomo ɗaya."
Dariyarsa ta tashi tattabarun rumfar gaba.

Duk da haka ya zauna ya koya mini.
Kyasuwa wadda aka yanka kafin ta yi gashi,
harkiya mai laushi don a ja ra'ayinsa,
gamba kaɗan, mai kaushi, ita ce magagari.
Wadda ta sha inuwa, koren bai gudu duka ba.
In ka karya ta ce ƙas, ɗauka.
In ta yi warin ɗakin da ya yi yoyo,
ko kyauta ce, bar masa abarsa.

Kwana biyu Tozali na fushi da ni,
ya juya mini ƙeya, ya ƙi ko sansanawa.
Daren na uku, wuta ta ɗauke a Kakuri,
unguwa ta yi tsit,
sai na ji ƙurus, ƙurus, ƙurus daga keji,
a jere, ba gaggawa,
kamar injin saƙa na layi na huɗu
da na tsaya wa shekara ashirin da shida
kafin a sa wa masaƙa kwaɗo.

Na zauna a kan turmi da kofin kunu.
Shi yana tauna, ni ina kurɓa.
Ranar ziyara zan gaya wa Siyama
amanarta na nan, har ta fi ni baki.