Noti Na Huɗu

Noti huɗu ke riƙe da injina
a kan katako, bakin fadamar Auyo.
Uku na tarar da asuba,
an jera su bisa ganyen albasa
kamar mai niyyar dawowa ya mayar.
Na huɗun ya ci tsatsa, ya ƙi juyawa.
Rani biyu ina cewa gobe zan ɗiga masa mai.

Haladu ne. Ba sai an gaya mini ba.
Sifanarsa mai jan zare a wutsiya
na kwance cikin laka inda kare ya taso shi,
ga takalmi wari guda.

A kotu ɗan sanda ya karanta: sata.
Alƙali ya sauke tabarau, ya dube ni.
"Malam Tsalha, ina injin yake yanzu?"
Na ce yana gona, ranka ya daɗe,
yana shayar da tumatir.
"Ya gusa daga mazauninsa?"
Ko taƙi guda.
"To, me aka ɗauka?"
Barcina, na so in ce,
da sallamar da muke yi ta kan shinge
tun muna yara masu korar tsuntsaye.
Amma ba a rubuta irin wannan a takarda.

Ya ce abin da ke zuci na Allah ne,
mallakar sifana kuma ba laifi ba.
Sai dai mai tsallake kunya uku cikin dare,
ya durƙusa, ya kwance uku cikin huɗu,
ya bar shiri a baya, ya taka aiki.
Tuhumar sata ta faɗi,
amma tana da ƙanwa a bayanta,
sunanta yunƙuri, shaidarsu ɗaya.
Wata uku, ko tara.

Haladu bai ɗaga kai ba.
Na san shinkafarsa ta yi ja tun makon jiya,
nasa injin ya mutu a hannun makaniki.
Yayansa ya sayar da tunkiya ranar kasuwa.

Da yamma na koma gona mayar da notina.
Sifana ɗaya ce a duk unguwarmu,
ita ce kuwa ke kulle a durowar kotu,
an manna mata lamba.
Da yatsu na murɗa ukun, iya ƙarfina.

Na ɗauko kwalbar baƙin mai,
na tsuguna gaban na huɗun.
Sakacina ne ya tsare mini dukiya,
shi ya hana maƙwabcina zama ɓarawo.
Na daɗe ina kallonsa har aka kira magariba.
Na mayar da murfin kwalbar.