Dillali Marar La'ada

Ƙarfe biyun dare a Kumasi,
wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa da tari.
Ni da kwalabe goma sha ɗaya a ɗakin gwaji
mun yi jugum kamar masu jiran alƙali.

Abin da ke cikinsu zinari ne, sai dai ba za ka shaida shi ba.
Na narkar da shi, na lallaɓa shi ya sake haɗuwa ƙwaya-ƙwaya,
ƙanana har dubu goma su jeru a faɗin silin gashi
su bar wa baƙo wuri.
Da ya ƙanƙance haka sai ya ajiye rawayarsa,
ya yi ja kamar zoɓon Goggo Azumi.

Ranar da na nuna wa Inna hotonsa a waya
ta ce, Zinatu, shekara huɗu kina taɓa zinari,
ko ɗan kunne ɗaya ban gani ba.

Sinadarin da nake wa aiki ƙofa biyu gare shi.
Ta gabas nake so haidirojin ya shiga,
ya sallami oksijin, ya zauna a gurbinsa.
Ta yamma a bar ta da sakatarta,
don a can ƙarfin maganin yake kwana.
Na gwada falatinam, sarkin zari,
ya ɓalle duka biyun tun kafin shayina ya huce.
Na gwada zinari mai manyan ƙwayoyi,
ya kwanta a gindin kwalba kwana uku
kamar ɗan masu kuɗi ranar aikin gayya.

Wata bakwai ke nan.
Adutwum mai gyaran na'ura ya daina tambaya,
sai dai ya ajiye min gasasshiyar ayaba a bakin taga ya wuce.

Babana Gariba dillalin goro ne a Aboabo.
Bai taɓa shuka ko itace ɗaya ba.
Ya san wanda zai zaunar kusa da wane,
ya san huhun da za a kwance da wanda ba a taɓawa,
ya san lokacin da zai yi shiru
har albarka ta gaji ta koma na sallama.
Yana cewa ciniki ba ƙarfi ba ne, wurin zama ne.

Shi na tuna, na sauya wa zinarina tabarma:
na shimfiɗa farin garin titaniyam, na yayyafa shi a kai,
don baƙo in ya zo ya durƙusa ta gabas,
ƙofar yamma ta kalli sama.

Kwalba ta tara.
Na'ura ta ja layi, ta ja, ta miƙe ta yi tsauni ɗaya,
gefensa ɗan tudu kamar shurin gara.
Casa'in da huɗu cikin ɗari.
Shidan nan da suka ɓata za su ci min wata shekarar.

Na tace zinarin, na busar, na ɗora a ma'auni.
Yadda ya shiga haka ya fito.

Baba, ga dillali ya haɗa ciniki bai karɓi la'ada ba.
Na san me za ka ce, kana ɓare farin goro da farce:
To shi da me yake ciyar da gida?

Ladanin Ayigya ya fara gyaran murya.
Na wanke kwalba ta goma, na rubuta kwanan wata.