Daren da Ƙugiyoyi Suka Zube

Wata uku tana yi mini magiya,
'yar taga a kusurwar gilashi:
zamanina ya wuce, a sabunta ni.
Ina danna mata "sai gobe"
yadda nake yi wa mai karɓar kuɗin shara.

Ran Laraba Nazifi ya sauko daga Samaru,
filashi rataye a wuya kamar laya.
Ya ce, Kawu, manhajar nan ta tsufa,
ko masu ita sun daina gaishe ta.
Na ce, ni ma masu ni sun daina,
ga ni kuwa ina tashi kowace safiya.
Ya yi dariya, ya danna.

Kashi ɗaya. Kashi huɗu.
Muka yi magariba a Gyallesu muka dawo, sha tara.
Aka kawo tuwo, ya huce a kwano.
Zoben ɗigo yana ta kewaya kansa
kamar ɗan acaɓan da ya rasa fasinja a PZ.
Ta rubuta: kada a kashe.
Wa take gaya wa, ni ko masu wuta?
A kashi sittin da bakwai suka ba ta amsa.
Fanka ta yi juyi biyu, ta tsaya.

Muka jawo waya ta kan katanga
daga janareton Ɗantala tela,
na biya fetur lita biyu da haƙuri uku.
Nazifi ya yi barci a kujera, baki buɗe.
Ni na yi jinya har asalatu.

Da safe ta farka da sabuwar fuska,
shuɗiya, mai ladabi, ba ta san sunana ba.
Hoton Rakiya a gindin Kufena,
wanda ke tarbata shekara tara,
an maye shi da wani tafki na ƙasar da ban taɓa zuwa ba.
Firintar da suka tsufa tare a tebur ɗaya,
ta dube ta, ta ce ba ta gane ta ba.

Duk wannan da sauƙi.
Na buɗe littafina, tarihin gidanmu na dukawa,
shafi ɗari biyu da sha ɗaya,
na tarar duk inda ƙugiya take
wani akwati ne ya zauna, fanko.
Nazifi ya ce, ƙaramin aiki ne, Kawu.
Danni uku, akwatunan suka watse,
baƙaƙe suka dawo, kowa kansa a aske.

Ƙasar kakana ta koma kasa.
Baƙin da suka zo ta'aziyya suka zama baki.
Ƙura ta tashi a kasuwa, sai ga kura.
Faɗan da aka yi kan gona ya tafi fada,
ɗan da na haifa ya zama da,
kalmar da ke jiran wani ya biyo bayanta.

Shekara talatin ina gyaran kuskure a maɗaba'a,
ban taɓa ganin ɓarna mai tsabta haka ba.

Yaron ya koma makaranta da kunya.
Kafin ya tafi ya nuna mini maɓallai biyu
da ake haɗawa ƙugiya ta fito.
Yanzu bayan la'asar nake zama,
tabarau a hanci, ina bi layi-layi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
ina mayar wa kowane harafi hularsa.

A shafi na arba'in na iske Rakiya
tana yanka fata, tana yi mini tsiya.
Na manta na rubuta wannan.
Na daɗe a wurin. Ba kuskure ko ɗaya.

Jiya 'yar tagar ta sake leƙowa,
wai akwai sabon gyara, minti goma kacal.
Na dube ta, ta dube ni.
Sai gobe.