Ƙahon da Ba Shi da Maɓalli

Ɗakina a Unguwar Rukuba ƙarami ne.
In na miƙa hannu har matsayi na bakwai
sai bakin sandar ya zunguri labule.
Nan nake koyarwa:
kujera biyu, butar shayi,
da kwalbar feshi don sandar ta yi santsi.

Ni ne Izang, jikan mai wankin kuza.
Kakana ya bar huhunsa a ramukan Bukur,
ni kuma da huhu nake cin tuwo.
Wannan lissafin har yau ban gama shi ba.

Turombon ɗina na farko na makaranta ne,
wani ya taɓa zama a kansa, ya lotsa,
aka ɗaure shi da robar tayar keke.
Kowa ya ƙi, aka miƙo mini don na fi su tsawon hannu.
Shekara uku ina busa fareti, hagu, dama, hagu,
sai ran nan a shagon Baba Dachomo mai gyaran rediyo
wani tsohon faifai ya buɗe baki.
Ƙaho na dariya, yana tsegumi,
yana jan ƙafa kamar mai dawowa biki da asuba.
Na ce, Baba, wannan fa?
Bai ɗago daga wayoyinsa ba, ya ce, jaz.
Manjan da aka aike ni saye bai iso gida ba sai magariba.
Na sha faɗa. Kunnena na wani wuri.

Ranar farko ba na ba kowa ƙaho.
Takarda nake ɗorawa a bango,
in ce, riƙe ta da numfashi.
Daga nan mu kaɗa leɓe, furrr,
kamar yara masu tuƙa mota da baki.
Mai kunya nan yake tuɓe ta tare da takalmi.

Nanret shekararta tara,
hannunta bai kai matsayi na shida ba,
sai ta saki sandar ta tare ta da yatsan ƙafa.
Ban hana ba.
Hannu zai yi tsawo da kansa,
dabara ce ba a tsinta sau biyu.

Malam Sambo likitan dabbobi ne, bara ya ajiye aiki.
Ya ce shekara talatin shanu na yi masa kuka,
lokaci ya yi da zai ba su amsa.
A gida an ce ya je can ya yi.
Duk Laraba yana zuwa, da hular sanyi har kunne.

Tambayarsu ɗaya ce: ina alamar? A ina zan tsaya?
Babu maɓalli, babu zane.
Wa ya taɓa auna gishirin gwate da sikeli?
Ka ɗanɗana da kunne, ka ƙara, ka rage.
In ka kuskure kada ka tsaya ba ni haƙuri,
ƙofar maƙwabci ka ƙwanƙwasa;
gaishe shi, ka wuce gida.

Shiru ma ina koyar da shi,
shi ya fi ba su wuya.

Wasu ta waya suke biya,
uwar Nanret da kwandon dankali daga Bokkos,
har na fara ƙiba.

Larabar jiya ƙanƙara ta sauko kan kwano,
ba ma jin juna.
Na ɗumama masa bakin ƙahon a aljihuna.
Da ta tsagaita, Malam Sambo ya ja numfashi
ya saki sauti guda,
dogo, mai kauri, ba rawa ba gargada.
Ya sauke ƙahon yana dubansa
kamar ɗan maraƙin da ya fito da rai.
Ya ce, ni ne?
Na ce, shayinka ya huce. Sake.